Yaya ake fidda renur mai lanƙwasa a alminiyam da ƙaramar firezos ta gida?

Sani_Alu_Zariya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa masu sana'a, barkanmu da hantsi. Shawara nike nema. Aikina tagogi da ƙofofi na alminiyam ne nan Maradi, to injin da nike yanka kwana da shi farantinshi na ƙasa mai juyawa ɗin nan ya tsage, na ce bari in ƙera wani da kaina tunda ina da ƴar firezos, wato injin sassaƙa ƙarfe da wuƙa mai juyi, ta kan tebur irin ta Sin da na saya hannu na biyu, gudunta na ƙarshe juyi 2500 a minti. Na samu farantin alminiyam mai kauri mili 12, na gyara gefuna, na huda ramin tsakiya na 10. Abin da ya rage shi ne renur, wato dogon ramin da fegi ke tafiya ciki, faɗi 8, zurfi 5, ba ta hudawa har ƙasa, kuma ba miƙaƙƙiya ba ce, lanƙwasa take kamar baka, nisanta daga tsakiya 90, daga 0 zuwa digiri 50. Na zana ta da kompa na gwada bin zanen a wani guntu ina murza hannayen tebur biyu lokaci guda, abin da ya hito duk hawa-hawa ne, fegi ba ya ko wucewa. Ba ni da tebur mai juyawa. Mi za ni yi?

Mai_Walda_Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Kai dai ka ci gaba da murza hannu biyun nan sannu sannu, hannu ne bai saba ba. In ka gama ka bi da magagari.

Tsohon_Turnar:
Mai walda, Allah shi huci zuciyarka amma wanga ba shawara ba ce. Ba a haifi wanda zai murza hannu biyu ya fidda baka mai reyon 90, wato nisanta daga tsakiya, da fegi zai bi ba, ko da shekara nawa ya yi gaban inji. Kuma ramin da bai huda ba mai faɗi 8, ta ina magagari zai shiga shi? Sani, ɗana, lanƙwasa ba daga hannu take hitowa ba, daga tsakiya take hitowa. Wuƙar tana tsaye wuri ɗaya, aikin ne ke zagaya tsakiyarshi. Ko ka samu tebur mai juyawa ko ka ƙirƙiri abin da zai yi aikinshi, hanya biyu ke nan.

Mai_Walda_Mokoyo:
Na karɓi gyara Baba 😂 mu namu da wuta ne, in ya karkace mu cika mu goge

Injiniya_Rabe:
Bari in faɗi yadda ake yi da tebur mai juyawa ko da ba ka da shi, don in ka samu aro kada ka tsaya tambaya. Ka ɗaure teburin kan injin, ka kawo ramin tsakiyarshi daidai ƙarƙashin sandar injin. In kana da komparater, ma'aunin nan mai allura kamar agogo, shi ya fi, ka maƙala shi a sandar ka zagaya da hannu cikin ramin har allura ta daina motsi. In babu, ka sa a fiƙe maka ɗan ƙarfe a tur, injin da ke juya ƙarfe ana fiƙe shi, wanda ke shiga ramin daidai, ka kama shi a pens, wato ƴar matsar da ke riƙe wuƙa a sandar inji, ka sauko da shi sannu har ya shige ba tare da ya goga gefe ba. Nan ne sifilinka, X da Y duka, wato tafiyar tebur hagu da dama da kuma gaba da baya. Sai ka ɗora farantin, ramin nan naka na 10 ya zauna kan tsakiyar tebur da fegi, ka danne da kilam aƙalla uku a wuraren da wuƙa ba za ta bi ba. Daga nan ka matsar da X mili 90 cif, ka KULLE X ka kulle Y, kada ka sake taɓa su. Saura sauke wuƙa da juya hannun tebur. Yawancin ƙananan teburan nan 90 ga 1 ne, wato juyi ɗaya na hannu digiri 4, ke nan digiri 50 ɗinka juyi 12 da rabi ne. Amma ka duba naka don akwai masu 72 ga 1, su digiri 5 suke bayarwa.

Sani_Alu_Zariya:
Na gode Injiniya, na fahimta sarai. Matsalar dai teburin ne, na tambaya babbar kasuwa wajen masu kayan aiki ba wanda ya ma gane abin da nike nufi, wani har ya ɗauko mini faifan dutsen wasa wuƙa.

DanKofarRuwa:
Oga Sani a nan Kano ana samu, Kofar Ruwa ko Sabon Gari, wani lokaci tsofaffin na Ingila da suka fito daga masana'antun da aka rufe, nauyi kamar me amma ba sa mutuwa. Sai dai gaskiya saboda aiki guda ɗaya ban ga dalilin da za ka sayi wannan abu ba, ga kuɗinsa ga na mota daga Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya zuwa Ɗan Isa. Kuma ka lura, ƙaramar milin, wato firezos, irin taka in ka ɗora mata tebur mai inci 8 ba sauran wuri tsakanin wuƙa da aiki. Mai inci 4 ko 6 ne daidai ita, shi kuma mai inci 6 faɗinsa 150 ne kacal, rabi 75, to aikinka na 90 ya riga ya fita waje, sai ka ƙara masa wani faranti a kai.

Injiniya_Rabe:
Wannan magana ta ɗan Kano gaskiya ce, ban yi lissafin faɗin teburin ba. In renur ta faɗo wajen bakin tebur farantin zai riƙa rawa ƙarƙashin wuƙa. Dole a sa ƙarfe mai kauri ƙasa ya tallafe shi.

Tsohon_Turnar:
To ku saurara in gaya muku yadda munka yi tun ba a san waɗannan tebura ba a ƙananan atiliye. Sani, kai da bakinka ka ce farantin yana da ramin tsakiya na 10, kuma nan ne zai riƙa juyawa in ka ɗaura shi a injin yankanka. To ai ka riga ka mallaki tebur mai juyawa ba ka sani ba. Nemi tol, wato farantin ƙarfe, mai kauri, 15 ko 20, shafaffe, ka ɗaure shi tam kan teburin firezos. Ka huda mishi rami ka dasa fegi na 10, gindin tsohon meshi, wato bakin huda rami, na 10 da ya karye ya isa don santsi gare shi kuma daidai yake. Ka sa sandar inji kan fegin, ka matsa 90, ka kulle kamar yadda Rabe ya ce. Ka zura farantinka kan fegin. Sai ka ɗaura mishi doguwar sanda ta ƙarfe da bulon biyu, tsawonta ya kai rabin mita, ita ce hannunka. Ka dasa bulon biyu a tol ɗin ƙasa su zama birki, ɗaya a 0 ɗaya a 50, yadda sandar ba ta iya wuce su. Sai ka sauke wuƙa rabin mili, ka ja sanda sannu daga birki zuwa birki, ka ƙara rabin mili, haka haka har zurfi 5. Sau goma ke nan, ba ya cin rabin awa.

Amma abu biyu. Fegin kada ya zama da wasa ko kaɗan cikin ramin, in yana da wasa renur za ta hito da faɗi wani wuri da ƙunci wani wuri. Na biyu, wuƙar firez murɗaɗɗiya ce, tana jan aiki sama. Dole a samu abin da ke danne farantin, wosha da ekuru, wato noti, a tsakiya, da wani ƙarfe da ka gicciya bisa farantin kusa da wuƙa, ya taɓa shi amma bai hana shi zamewa ba. Ka shafa ɗan giris tsakanin farantin da tol.

Hadiza_Meka:
Baba da girmamawa, wannan hanyar malaminmu na lise teknik ya hana mu ita ƙememe. Ya ce duk aikin da ba a ɗaure ba ƙarƙashin firez mai juyawa haɗari ne, in wuƙa ta cafke zata fizge sandar ta bugi mutum ko ta ja hannu. Ni dai ina tsoronta.

Tsohon_Turnar:
Ɗiyata malaminku ya yi daidai da ya hana ku, ni ma ba ni barin yaron da bai shekara ba ya yi ta. Amma a san inda haɗarin yake. Lokacin da wuƙa ke cin faɗinta duka, gefe biyu na ci, ba ta cika fizga ba in cin kaɗan ne. Inda take fizga shi ne in ka zo faɗaɗa bango ɗaya kuma ka tura aikin wajen da haƙoran ke tafiya, nan take hawa kan ƙarfen ta ja shi da gudu. Wuƙa tana juyawa yadda agogo ke tafiya in ka dube ta daga sama. To in bangon waje kake gyarawa, juya farantin saɓanin agogo. In bangon ciki ne, juya shi yadda agogo ke tafiya. Ka riƙe wannan, ka yi sanda doguwa, ka sa birki, hannunka na can nesa. Kuma a naɗe hannun riga, ba safar hannu, ba carbi a wuya.

Laouali227:
ni tambayata mi ya sa ba za a kai wa masu tur ba kawai? ga su nan birjik hanyar tasha

Tsohon_Turnar:
Tur zagaye cikakke take yankawa Lawali. In ka ɗaura farantin a tur za ta fidda maka zobe na digiri 360, shi kuwa 50 yake so, kuma ƙarshen ramin nan biyu su ne ke tare fegi.

Laouali227:
to ba sai a yi zoben ba a toshe sauran da bulon 🤷🏾‍♂️

Sani_Alu_Zariya:
Lawali na yi wannan tunanin, amma farantin ba zagayayye ba ne, ta baya tsawonshi 60 ne kawai daga tsakiya, zoben zai hita waje ya riƙa dukan iska yana dawowa, kuma zai ratsa inda ramukan ɗauri suke.

Hadiza_Meka:
To ga hanyar da ba ta buƙatar tebur kuma aikin na ɗaure tam a eto, wato matsar kama aiki. Lissafi ne kawai. Ka ɗauki ramin tsakiya a matsayin sifili, kowane digiri ka lissafa X = 90 sau kosinus, Y = 90 sau sinus, kalkuletar waya ma tana yi. Misali digiri 10: X 88,63 Y 15,63. Digiri 20: X 84,57 Y 30,78. Digiri 30: X 77,94 Y 45,00. Digiri 45 duka biyun 63,64. Ka je kowane wuri, ka kulle, ka sauke firez ta 8 kamar kana huda rami har zurfi 5, ka ɗaga, ka matsa na gaba. A reyon 90 digiri ɗaya mili 1,57 ne, ɗan tudun da zai rage tsakanin rami da rami a bango wajen 0,08 ne kawai. In ka yi rabin digiri rabin digiri ya koma wajen 0,02, da takardar yashi ma ka share shi. Ka rubuta teburin lambobin a takarda tukuna kana yi kana sokewa.

Mai_Walda_Mokoyo:
Rami 100 ke nan fa Hajiya. Kafin ya gama an ɗauke wutar lantarki sau biyu

Hadiza_Meka:
Ko an ɗauke ai lambobin na nan a takarda, in an maido ya ci gaba daga inda ya tsaya 😄 Kuma rami 51 ya ishe shi in fegi ne kawai zai bi.

Injiniya_Rabe:
Hanyar Hadiza daidai take a lissafi, haka ma na'urar nuna lamba da ake sa wa injuna take yi, wasu suna da maɓallin baka da ke ba ka wuraren ɗaya bayan ɗaya. Amma Sani, injinka yana da wannan na'ura ko da zanen jikin hannu kake ƙirga? Don in da zanen hannu ne sai ka kula da wasan sukurun tebur. Ƙananan injunan nan in ka juya hannu baya yakan yi 0,1 ko 0,2 ko fiye kafin tebur ya motsa. Sa'arka ɗaya, daga 0 zuwa 50 X raguwa kawai yake Y kuma ƙaruwa kawai, ba inda za ka koma baya. Sai dai tun wajen ɗaukar sifili ka tabbata ka iso shi ta ɓangaren da za ka ci gaba da tafiya. Wato X ka wuce 90 kaɗan sannan ka dawo kanshi, daga nan raguwa har ƙarshe. In ka zarce lamba kada ka ɗan koma baya, koma sosai ka sake tahowa.

Sani_Alu_Zariya:
Da zanen hannu ne Injiniya, ba ni da na'urar. Wata tambaya kuma, guntun da na gwada ɗin nan alminiyam ya manne a bakin wuƙar kamar an yi mishi walda, har ta daina ci tana gurza kawai tana zafi. Wuƙar mai haƙora 4 ce, sabuwa.

DanKofarRuwa:
Haƙora 4 na ƙarfe ne oga. Alminiyam mai haƙora 2 yake so, ko 3, saboda ɓarɓashinsa manya ne yana bukatar hanyar fita, in bai samu ba sai ya cushe ya narke a jikin wuƙar. Kuma in za ka bi hanyar Hadiza ka duba gindin wuƙar, wasu masu 4 ɗin suna da rami a tsakiya, ba sa huda ƙasa sam. Mai 2 da haƙorinta ɗaya ya kai tsakiya ita ce ke nutsewa. Sannan me ka zuba mata?

Sani_Alu_Zariya:
Ban zuba komi ba, a bushe na yi

DanKofarRuwa:
To shi ya sa. Kananzir. Ɗan buroshi da gwangwani, kana shafawa kana share ɓarɓashi daga cikin ramin. WD-40 ma yana yi amma kananzir ya fi arha. Kada ka sa baƙin mai na mota, kauri gare shi yana riƙe ɓarɓashin ne a ciki.

Mai_Walda_Mokoyo:
Nan kam ina da ta cewa. In za ka yi aiki da kananzir ka tabbata ba mai walda ko mai gurza ƙarfe kusa da kai, tartsatsi ɗaya ya isa. Wani maƙwabcin shagona tsumman da yake goge inji da shi ne ya kama, Allah ya kiyaye anka kashe da yashi.

Injiniya_Rabe:
Game da gudu kuma, mutane na tsoron gudu a alminiyam alhali rashin gudun ne ke ɓata aiki. Wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai tauri da anka saba, a alminiyam bakinta na ɗaukar gudun mita 80 a minti ba matsala. Lissafin shi ne 1000 sau 80 a raba da 3,14 sau faɗin wuƙa. Ta 8 ya ba ka kusan juyi 3200 a minti, ta 6 kusan 4200. Injinka 2500 ne ƙarshe, ke nan buɗe shi duka, ko ka ɗan rage in yana kuka. Abin da ya fi muhimmanci kada ka bar wuƙa tana shafa ƙarfe ba ta ci, kowane haƙori ya ɗebi kamar 0,03. Haƙora 2 sau 2500 sau 0,03 ya ba da mili 150 a minti. Tsawon bakanka duka bai wuce 78,5 ba, wato kowane wuce ɗaya wajen rabin minti ne. Wanda ke jan sandar Baba sai ya riƙa ƙirgawa a zuci, in ya kai birki kafin 20 ya yi sauri, in ya wuce minti yana gurza ne.

Kuma shawarata kada ka fara da ta 8. Wuƙar 8 ba ta taɓa ba da rami 8 cif in ta ci gefe biyu, takan ture gefe ɗaya ramin ya hito 8,1 ko fiye. Buɗe da ta 6 a kan 90 har zurfi 4,8, sannan ka matsa X zuwa 91 ka gyara bangon waje, ka dawo 89 ka gyara na ciki, kana aunawa da piyakulis, ma'aunin faɗin nan mai zamewa, ko da fegin kanshi.

Tsohon_Turnar:
Rabe, mili ɗaya a bango lokaci guda da zurfi 5 ya yi yawa ga mai riƙe da sanda a hannu. A tebur mai juyawa na yarda. Da hannu ya raba shi uku ko huɗu. Ni da ni ne ma da ta 6 zan buɗe in bi da ta 8 a kan 90 ɗin ba tare da na taɓa X ba, rabin zurfi rabin zurfi, tana cin mili ɗaya kowane gefe, ƙarfin gefen nan ya kashe na wancan. Fegin injin yanka ne, ba agogo muke ƙerawa ba.

Dan_Tibiri:
Salam. Ni ban san firezos ba amma ina tambaya, alminiyam ɗin wane iri ne? Don in irin na masu zubin tukwane ne da ake narkawa daga gwangwani da tarkacen mota, na taɓa ba da a yi mini fuli da shi, da anka fara fiƙewa ciki duk ƴan ramuka ne kamar soso, wani wuri har yashi.

Sani_Alu_Zariya:
A'a ba zubi ba ne, guntun faranti ne na samu wajen ƴan gwangwan, da alama daga jikin wata na'ura anka kwance shi, akwai sauran rubutu a gefe na ga 60 sauran ya goge.

Injiniya_Rabe:
Wannan lambar irin alminiyam ɗin ce. In 6061 ne ko 6082 ka yi sa'a, suna yankuwa da kyau. Wanda ya fi su daɗin aiki shi ne 2017, wanda tsofaffin littattafan Faransa ke kira AU4G, ɓarɓashinshi gutsi-gutsi yake karyewa. Mai wahala shi ne tsantsar alminiyam mai laushi irin 1050, shi ne ke danƙo. Na zubi kuma ya danganta da abin da anka jefa a tukunya, in fistan ya yi yawa akwai silisiyom da yawa ciki, yana dakushe wuƙar HSS da wuri.

Dan_Tibiri:
To mi zai hana a zuba farantin da ramin nashi gaba ɗaya? a yi samfur na katako a danna a yashi

DanKofarRuwa:
Zai fito amma ba 8 ba, kuma ba santsi. Alminiyam na tsukewa in ya huce, ga bangon yashi. Ƙarshe dai sai ka dawo kan injin ka gyara, ka ga an koma gidan jiya.

Ibro_Menizye:
Ku bari kafinta ya sa baki. Mu in muna son baka a katako injin rutar muke ɗaure wa sanda, mu kafa ƙusa a tsakiya mu zagaya. Na yi haka a alminiyam mai kauri 4 da wuƙar karbir kuma ya yi. Daidai da dabarar Baba ce sai dai injin ne ke zagayawa aikin na ɗaure.

Hadiza_Meka:
Rutar tana gudu fiye da 20000 fa Malam Ibro. Ana yi amma cin ya zama kaɗan ƙwarai, kuma tabarau dole, ɓarɓashin da zafi yake tashi kuma in ya shiga ido maganaɗisu ba ya jawo shi tunda ba ƙarfe ba ne. Kuma banda kananzir kusa da injin da ke tartsatsi a cikinshi.

Ibro_Menizye:
Haka ne, ni kyandir nike gogawa a layin

Laouali227:
wai duk wannan wahala, faranti biyu fa? ɗaya mai kauri 5 a huda shi a yanke bakan har ƙasa da zarto a gyara da magagari, a ɗora shi kan mai kauri 7 a ɗaure da bis. ga rami mai zurfi 5 ya hito ba firez ba lissafi

Mai_Walda_Mokoyo:
Kai Lawali yau ka yi magana! Ga magagarina ya dawo 😂 Baba sai a ba ni haƙƙina

Tsohon_Turnar:
Dabara ce, ban raina ta ba, wanda ba shi da inji haka zai yi. Amma mutum na da firezos a ɗaki, kuma faranti biyu da anka haɗa da bis ba su kai ɗaya mai 12 tauri ba, injin yanka kuwa girgiza gare shi. In farantin ya ɗan lanƙwashe kwanar 45 ta tashi, tagar ba ta haɗuwa a kusurwa, mai gida ya ce a sake.

Injiniya_Rabe:
Na koma kan maganar tsoron Hadiza, akwai tsaka-tsaki. A yi fegin Baba yadda ya ce, amma maimakon a ja sanda da hannu a sa dogon bulon mai zare ya riƙa tura ta. Ka walda ekuru a wani ɗan ƙarfe da ke iya juyawa a gefen tol ɗin, ka zura sandar zare ta 10, kowane juyi mili 1,5 take tafiya, bakinta na tura sandar. Ta ɗaya gefen ka ɗaure robar cikin taya tana jan sandar tana manne ta da bakin bulon. Tafiyar ta zama sannu kuma daidai, hannu bai riƙe da komi. Sai dai ka sa wurin turawar kusa, kamar 150 daga tsakiya, in ba haka ba zaren da za ka murza ya yi yawa.

Hadiza_Meka:
Wannan na fi yarda da shi. Amma roba ba za ta riƙe ba in wuƙa ta fizga wajen da bulon ke turawa, sai dai a kiyaye ƙa'idar agogon nan ta Baba.

Sani_Alu_Zariya:
Allah shi saka da alheri duka. Na duba akwatin kayan da anka haɗo mini da injin, babu pens ko ɗaya, da mandaren na meshi nike kama wuƙar tun da na saye shi. Wannan zai yi?

DanKofarRuwa:
Innalillahi. Oga tsaya tukuna kar ka kunna. Wannan kan na huda rami ne, ƙarfin sama da ƙasa kawai yake ɗauka. In wuƙa ta ci ta gefe, ko dai ta zame ta sauko ramin ya yi ta ƙara zurfi ba ka sani ba, ko kan gaba ɗaya ya saki daga mazauninsa yana juyi 2500. Wataƙila ma rabin hawa-hawan da ka gani a gwajin farko daga nan ne. Duba ramin sandar injinka, yawancin irin naka girman da ake kira MT3 ne ko R8, ka nemi kan riƙe pens irin ER32 ko ER25 da pens na 6 da na 8, kuma a ɗaure shi da dogon bulon da ke ratsa sandar daga sama.

Hadiza_Meka:
In hanyar ramuka ce zalla ana sauke wuƙa ana ɗagawa, nauyin gefe kaɗan ne, amma duk da haka akwai shi tunda kowane rami gefe ɗaya yake ci. Pens ɗin dai ya fi.

Tsohon_Turnar:
Pens ba zaɓi ba ne, ko wace hanya ka ɗauka. Ita kuma wuƙar da alminiyam ya manne wa kada ka yar, kada kuma ka ƙanƙare da ƙarfe ka ɓata bakin. Samo soda irin ta masu sabulu, ka jiƙa kaɗan a roba ko kwalba, ba a kwanon alminiyam ba don cinye shi za ta yi, ka tsoma wuƙar a waje inda iska ke bugawa, za ka ga tana kumfa, alminiyam ya narke ƙarfen bai taɓu ba. Kiyaye ido da hannu, ka wanke ta ka shafa mai. Ta yi maka aikin ƙarfe wata rana.

Sani_Alu_Zariya:
Na auna bakin ramin sandar, 24 ne ba kaɗan, MT3 ke nan ko? Ɗan Kano in na turo kuɗi ta hannun direban Katsina za ka iya haɗo mini kan da pens biyu da wuƙa mai haƙora 2 ta 6 da ta 8? Kafin su iso zan dasa fegin in gwada zagayawa ba wuƙa in ga ko akwai wasa. Har yanzu ban yanke ba tsakanin sandar Baba da lambobin Hadiza, wataƙila in yi ramukan farko da na ƙarshe da lissafi, tsakiyar in ja da sanda.

DanKofarRuwa:
MT3 ne. Amma kwance dogon bulon na sama ka duba zarensa tukuna, akwai mai 12 akwai na inci, kar in sayo wanda ba zai ɗauru ba. Turo min hoto ta akwati.

Dan_Tibiri:
In an gama a sa muna hoto mu gani. Kuma Baba, wannan dabarar fegin za ta yi a ƙarfe? ina son irin ramin nan na jan bel a maƙalar dinamo ta injin niƙa, kauri 6, shi har ƙasa zai huda

Tsohon_Turnar:
A ƙarfe ban yarda da hannu ba. Huda ramuka jere kan zanen ka haɗe su da magagari, naka ai mai hudawa ne. Mai walda ga aikinka ya samu.